Me ke manna ƙwayoyin benzin biyu da juna?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ƙwayoyi (molekul) biyu na sinadarin benzin ke riƙe juna alhali babu mai caji a cikinsu. Babban dalili shi ne jan da masanin kimiyya Fritz London ya bayyana a 1930. Ilektron, wato ƙananan ɓurɓushi masu caji da ke cikin kowace ƙwaya, ba sa zama wuri ɗaya. Da sun karkata gefe a ƙwaya ɗaya, sai na maƙwabciyarta su amsa, ɗan ja ya samu.

Amma siffar ƙwayar ma tana da ta cewa. Benzin zobe ne na kabon shida, gajimaren ilektron ya lulluɓe samansa da ƙasansa, hayidrojin shida na bakinsa kuwa cajinsu ya ɗan karkata zuwa tabbatacce, kishiyar cajin ilektron. Shi ya sa kifa su fuska da fuska, kamar faifai kan faifai, ba shi ne mafi daɗin zama ba, don gajimaren biyu, masu caji iri ɗaya, na ture juna. Sun fi son ɗaya ta zame gefe kaɗan, ko ta dafa tsakiyar ɗayar da hayidrojinta, su yi siffar T.

Riƙon dai ba wani mai ƙarfi ba ne, wajen kilokalori 2 zuwa 3 a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyi), kusan rabin na ƙwayoyin ruwa biyu. Zobba na ƙaruwa, ja na ƙaruwa: benzin na narkewa a digiri 5.5 na ma'aunin Selsiyus, naftalin mai zobe biyu sai a 80.