Amsar Maigida Kan Ƙasar Tudun Kuza Da Rufin Soro A Jos

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka. Tambaya uku ka cusa a guda: me yasa na hana a kawo ƙasa daga tudun kuza na wajen Bukuru alhali kyauta ce kuɗin tifa kawai za a biya, me yasa na sa ku kankare ƙasar sama kuna tarawa gefe kafin a fara haƙa, sannan me yasa na ce wa Alhaji mai ginin ba zan yi masa rufin soro irin na Kano ba bayan shi hoton da ya nuna mana a waya kenan. Toh bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, kai dai kayi haƙuri da rubutun dattijo.

Tudun nan da kake gani ba tudun asali bane. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka shigo haƙar kuza a nan, daga baya suka kawo manyan injina, su yaye saman gona su yi ta zurfafawa har su kai inda kuzar take, abin da suka kwaso kuma su jibge shi gefe. Kaga an hautsina komai, ta ƙasa ta dawo sama, ta sama ta shige ƙarƙashi, nan yashi can farar laka can tsakuwa. Tifa ɗaya sai ta zo maka da mai kyau, ta biyu ta zo da wadda in kayi tubali da ita kafin yamma ya tsage. Magini yana son ƙasar da ya san halinta tun daga gindin bango har rawani, don in wani sashe ya ja jiki da yawa wajen bushewa wani bai ja ba, a mahaɗarsu tsaga zata fito, kuma a lokacin ba direban tifa Alhaji zai kira ba, ni zai kira.

Wannan ma mai sauƙi ne. Wanda ya fi damuna shine baƙin yashin nan da ke saura a wurin wankin kuza da injinan tacewa. Masu bincike sun auna shi, akwai ma'adinai a ciki irin su monazait masu fitar da radiyeshan, abin da ido baya gani hanci baya ji. Mutane na ɗiba suna filasta da shi saboda laushinsa kuma ba sai sun biya ba, amma ɗakin da yara zasu kwana shekara da shekaru wallahi bazan sa hannuna ba. Ba kowane tudu ne ke da shi ba, to amma wa zai tsaya ya tantance maka inda aka loda?

Shi yasa muke haƙa a cikin filin, inda zamu iya gwada ƙasar da hannunmu. Ka ga yadda nayi ranar: na ɗebo daga zurfin kamar gwiwa zuwa ƙugu, na yayyafa ruwa na murza a tafin hannu har tayi kamar igiya mai kaurin ɗan yatsa, na bar ta tana zarcewa ta gefen hannu. In ta karye nan take yashi yayi yawa, bazata riƙe ba. In ta yi ta tsawo bata karye ba laka tayi yawa, zata tsage, sai an ƙara mata yashi da ciyawa. Wadda ta ɗan yi tsawo sannan ta gutsure da kanta ita ake nema. Ka kuma shinshina, in kaji warin ruɓaɓɓen ganye to har yanzu kana cikin ƙasar sama, ka ƙara zurfi.

Ita ƙasar sama ɗin, baƙar nan da kuka yi ta ƙorafin kankarewa, bata da amfani a bango sam. Saiwoyi ne da taki a cikinta, su ruɓe su bar rami, gara kuma ta samu hanya. Amma a gona ita ce komai. Tsawon tafin hannu ɗaya ko biyu ne kawai, in ta tafi ba a shekara goma zata dawo ba. Don haka abin da bango baya so shi gona ke so, ba dalilin da zai sa a cakuɗa su kowa yayi asara. A ware ta gefe, a rufe da ciyawa kar iska da ruwa su kwashe, in an gama a mayar.

Magabatanmu basu ɗauki ramin a matsayin abin da za a haƙa a gudu a bari ba. Je cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina, kowace tsohuwar unguwa da kududdufinta, daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina gidajen unguwar, ramin kuma ya zama matattarar ruwan damina, a shayar da dabbobi a ɗebi ruwan kwaɓa na shekara mai zuwa. Ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ramin da aka kwashe ƙasarta shi ya zama tsaro a bayanta. Yanzu da ake cike kududdufan nan ana kafa shaguna da gidaje a kai, kowa na ganin inda ruwan ke zuwa, cikin ɗakunan mutane. Kuma in soro ya tsufa ya faɗi ba tarkace bane, a fasa shi a jiƙa a sake tubali da shi, ko manomi ya kwashe zuwa gona don tsohuwar ƙasar kango taki ce. Ɓaraguzan bulo da siminti fa? Sai dai ciko.

Yanzu ka kwatanta da ramukan kuza, ɗaruruwa ne daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Gefensu a tsaye, zurfi ba a magana, sun ci yara sun ci shanu. Da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985 abin da ya rage na manyan kamfanoni ya lafa, ramuka suka zauna. An yi ƙoƙarin gyara wasu wurare tun zamanin Turawa, aka baje tuddai aka shuka itacen turare, shine kurmin turaren da kake gani a hanya. Ya riƙe ƙasa kam kuma ya bada itacen girki da sanduna, amma ni a ganina bai mayar da gona gona ba, leƙa ƙarƙashinsa ka gani me ke tsirowa. Waɗanda suka fi burge ni su ne 'yan lambu, Hausawa da Birom da sauransu, da suka sa injin ban ruwa a bakin tafkunan nan suna noman rani, suna kwaso tokar bola daga cikin gari da kashin kaji suna zubawa shekara bayan shekara har mataccen wuri ya fara bada kabeji da karas da latas da tumatir. Ba wanda ya rubuta musu tsari a ofis.

To sai rufi, nan ne na san ranka ya ɗan sosu don kana ɗokin ka koyi ɗaurin guga, wato bakunan nan na azara da ƙasa masu haɗuwa a tsakiya su ɗauki rufin soro. Zan koya maka in sha Allahu, amma ba a kan kuɗin Alhaji da damunar Jos ba. Rufin soro aikin yankin da ruwan samansa kaɗan ne. Ana jera azara, wadda ake tsagawa daga namijin giginya don gara bata cinta, ita kuma bata wuce kamar ƙafa 6 ba tare da an tallafe ta ba, shi yasa aka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don ɗaki yayi faɗi. A shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daɓe, a shafe da laso, wato katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, bango kuma a bi shi da makuba ta kwasfar ɗorawa. Ruwa ya sauka ya bi indararo, gobe rana ta fito ta busar. A Kano ruwan shekara galibi bai kai milimita 1,000 ba. Mu nan muna kan tudu sama da mita 1,200, ruwanmu na kaiwa wajen milimita 1,400, daga Afrilu har Oktoba, a Yuli da Agusta kuma kai shaida ne sai a wuni a kwana ana yayyafi ba rana, ga iska mai kaɗo ruwa a jikin bango, wani lokaci har da ƙanƙara. Rufin ƙasa in ya sha bai samu ya bushe ba nauyinsa ƙaruwa yake, azara ta fara lanƙwasa, tsakiya ta zama kwari ruwa ya kwanta, daga nan sai labari. Kuma katsin ma ina zaka samo shi a Jos, marina nawa ka sani?

Ranar da ba aiki ka shiga gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1952, ka wuce ta baya wurin gine-ginen gargajiya da wani Bature ɗan Folan mai suna Dmochowski ya jagoranci kafawa. Akwai kwafin ganuwar Kano, akwai kwafin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina na asalin a zamanin Sarki Abdulkarim. Ka shiga ka ɗaga kai ka kalli yadda bakunan suka haɗu, zaka san an yi magina a ƙasar Hausa. Sannan ka fito ka zagaya bayan gine-ginen ka dubi abin da ruwan Jos ke musu in aka yi jinkirin yaɓe. Darasi biyu a tikiti ɗaya.

Ko a inda ruwa bai da yawa ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara gari guda ke fitowa a yaɓe shi, itatuwan nan da suka fito a jikinsa su ake takawa a hau. Alhaji kuwa Abuja yake zaune, sai sallah sallah yake zuwa, wa zai hau masa rufi kafin kowace damina?

Shi yasa in ka zo wuri, kafin ka buɗe jakar kayan aikinka ka fara duba yadda mutanen wurin suka zauna da shi. Birom da Anaguta da Afizere da sauran mutanen Filato sun san ruwan nan kafin kakana ya hawo tudun. Ɗakinsu zagaye ne, iska bata samun kusurwar da zata ci, jinka mai tsini ruwa baya zama, bakinta ya sauko ya rufe bango. Rumbu a ɗora shi kan duwatsu, damshi bai taɓa gindinsa ba. Suna kwaɓa ƙasa da ciyawar acca, siririya ce mai laushi tana shiga jikin laka sosai, mu ma da ita zamu kwaɓa tunda ita ce a kusa. Gida da gona a kewaye su da shingen kerana, ba sare itace ba siminti, akuya bata ratsawa, ƙasar da ruwa ya kwaso kuma a gindinsa take tsayawa. In ka bi hanyar Pankshin ka dubi gangaren duwatsu zaka ga yadda Angasawa suka jera dutse hawa hawa suka yi gona a inda kai da ni ko tsayuwa bazamu iya ba. Irin wannan aikin ne a Sukur ta jihar Adamawa, da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ɗauko nasu ba raina namu bane, Babban Gwani da a nan aka haife shi da ba irin wancan rufin zai yi ba.

Ga abin da na tsara wa Alhaji kuma ya yarda. Harsashi na dutse, tunda dutse ne ya fi komai arha a Jos, a ɗaga shi ya wuce gwiwa don ruwan da ke fantsama daga ƙasa kar ya taɓa tubali. Bango na tubali mai kauri a gindi yana sirancewa sama. Zauren zamu yi masa bakan gizo ta ciki, kaga zaka samu rabonka na koyo, amma a samansa a ɗora kwano da tazara a tsakani iska na ratsawa, bakin kwanon ya fito sosai ya yi wa bango laima. Zanko da zanen ƙofa a fuskar da ke ƙarƙashin rumfa. Wani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, da irin wannan dabarar ya gina makaranta a ƙauyensu Gando, bulon ƙasa a ƙasa kwano a ɗage a sama, kuma a 2022 ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya. In wani ya ce maka ginin ƙasa na talaka ne ka nuna masa hoton.

Gyaran ramin da muke ɗibar ƙasa kuwa yana cikin kuɗin aikin, na faɗa wa Alhaji tun ranar ciniki. Ba zamu zurfafa wuri ɗaya ba, a faɗaɗa a bar gefen a kwance yadda ko yaro ya faɗa zai iya fitowa da ƙafarsa. In an gama ɗiba a zuba ragowar kwaɓi da fasassun tubali a ƙasa, a mayar da baƙar ƙasar nan da kuka tara a sama, a bi da toka da taki. Ta wajen gangare a jera dutse layi biyu ya rage wa ruwa gudu. Inda ƙasa ta daskare kamar daɓe sai a yi ƙananan ramuka a zuba taki ciki kafin ruwan farko, irin dabarar da wani manomi Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da ita a Yatenga ta Burkina Faso har ya mayar da faƙo daji, mutanen Tawa a Nijar ma suna yi. Duk kututturen da kuka ga yana tohowa a filin kar wanda ya tumɓuke, a rage masa rassa a bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu, haka manoman Maraɗi suka dawo da itatuwan gonakinsu.

Gobe ka riga ni zuwa, ka duba kwaɓin shekaranjiya ko ya fara tsami, in ya bushe ta sama a ƙara ruwa a sake takawa a rufe. Ka ce wa leburori kar su fara tubali sai nazo, kuma mai acca yace zai kawo ciyawar da hantsi, ka lissafa dami nawa ya sauke kafin ya tafi.