Amsoshin Tambayoyi: Wane Soket Zan Saya wa Fedar Jitata?

Wani mai karatu ya rubuto cewa ya haɗa fedar jita ta farko da hannunsa, wato ɗan akwatin lantarki da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita, allon kayan lantarkin ya kammalu, saura soket ɗin shiga da na fita. Ya ga iri biyu, mono da sitiriyo, duka masu inci kwata, wato milimita 6.35. Yana tambaya: tunda jita mono ce, me zai kai shi sayen sitiriyo?

Ɗan'uwa, in dai za ka sa batir a ciki, sayi sitiriyo ɗaya don shiga, mono ɗaya don fita. Dalilin batir ne, sautin duk ɗaya ne. Ɗauko fulogin wayar jitarka ka duba: ga kai, ga baƙin layi guda, sai dogon jiki. Kan fulogin ne ke ɗauke da sauti, jiki kuma giraun, wato hanyar da wuta ke bi ta koma. Soket ɗin sitiriyo yana da ƙafa ta uku da ake kira zobe. Fulogin mono ba shi da zobe, saboda haka da ka cusa shi, dogon jikin nan sai ya taɓa ƙafar zobe da ta jiki lokaci guda, ya haɗe su. Nan dabarar take. Ka liƙa baƙar wayar batir mai bolt 9 a kan zobe, giraun na allo a kan jiki. Ka sa waya, wuta ta zo. Ka zare, ta ɗauke. Da mono ne a wurin, batir zai yi ta zuƙewa ko feda tana ajiye a jaka. Ka kuma saba da zare wayar shiga in ka gama kiɗa, domin maɓallin ƙafa sauti kawai yake karkatarwa, ba ya yanke wuta.

Wajen gane ƙafafun, kada ka dogara da hoto, kowane kamfani da yadda yake jera nasa. Cusa fulogi mara marfi, sa mitarka ta gwajin wuta a kan ƙara, ka ɗora tsinke ɗaya a kan fulogin, ka taɓa kowace ƙafa da ɗayan ka ji wadda ta amsa, sannan ka kawo dalma. Na sha ganin feda ta yi tsit don kawai an musanya kai da zobe.

Batun wanda za ka saya kuwa, na kamfanin Switchcraft mai lamba 11 (mono) da 12B (sitiriyo) ko na kamfanin Neutrik nake so. Soket shi ne abin da ya fi shan wahala a jikin feda, kuma araha ba ta ado. Mai kyau za ka ji ya cafke fulogi da ƙarfi. In fulogi yana lilo a ciki tun soket ɗin yana sabo, bar shi.

Wata mai karatu kuma ta ce tata fedar tana aiki, amma da ƙugi, kuma ta yi wa akwatin alminiyam ɗin fenti ciki da waje.

'Yar'uwa, fara da fentin nan. Soket na ƙarfe ta wuyansa yake haɗa akwati da giraun, fenti kuwa ya shiga tsakani. Kankare shi daga ciki kewaye da ramin har ƙarfe ya yi ƙyalli, sa washa mai haƙora, ki ɗaure tamau. In soket ɗin na roba ne, ja waya ɗaya daga giraun zuwa jikin akwatin. Ki kuma gajarta wayoyi, ki raba ta shiga da ta fita, musamman a feda mai ƙara ƙarfin sauti sosai, don kusancinsu yana jawo kuwwa.

Na uku ya tambaya ko ya sayi soket ɗin adafta na ƙarfe, tunda ya fi kama da mai ƙarko.

A'a, Malam, na roba za ka saya. Yawancin fedoji suna bin tsarin kamfanin Boss ne: fil mai milimita 2.1, tsakiya negatif, waje fozitif. Soket na ƙarfe zai jona fozitif ɗin nan da akwatin da yake giraun, wuta ta haɗu, adafta na iya ƙonewa. Nemi na roba mai ƙafa uku, wanda ke cire batir da kansa da zarar an sa adafta.