Sun kore ni kan zargin ɓatan kaya a sito, ina da hakki?

Tambaya: Barista barka da aiki. Shekara 7 ina sitokifa a wani kamfani a Kano, watan jiya aka ce katan 40 sun ɓata, ba a ba ni kweri ba, ba a kira ni gaban kwamiti ba, sai takardar kora kawai aka miƙo min wai saboda almundahana. Sun riƙe albashina na watan kuma sun ce ba giratuti. Me zan yi?

Amsa: Toh Malam, Allah ya kawo mafita. Gaskiya kana da magana, kuma ƙarfinta yana cikin takardar da suka ba ka. Da sallamarka suka yi kawai da notis, da abin ya fi musu sauƙi, sashe na 11 na dokar ƙwadago ya ce wanda ya kai shekara 5 notis ɗin wata ɗaya ne ko kuɗinsa. Amma tunda suka rubuta da hannunsu cewa almundahana ka yi, to nauyin tabbatar da hakan a kotu yana wuyansu, kotun ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Shell da Olarewaju a 2008. Kuma kafin a kori mutum kan laifi dole a gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi a ba shi dama ya kare kansa, ko da a rubuce ne. Ni abin da ya fi ci min rai a irin wannan kes ɗin shi ne sunan ɓarawo da ake liƙa wa magidanci ba tare da an ji ta bakinsa ba, gobe ya je neman aiki wani wuri takardar nan ta riga shi isa.

Sai dai kar ka dogara da cewa ai ba su kai ka wajen 'yan sanda ba, kamfani ba sai ya jira kotu ta same ka da laifi ba kafin ya kore ka, in dai ya yi bincikensa ya saurare ka.

Inda za ka kai ƙara shi ne kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a nan Kano, tun gyaran tsarin mulki na 2010 sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin rikicin aiki, don haka kar wani ya ja ka majistare ko babbar kotun jiha ka yi asarar kuɗi da lokaci. Amma fa ka sani, da wuya kotu ta tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya mayar da kai bakin aiki, wannan an fi samunsa ga ma'aikatan gwamnati da doka ta tsara yadda ake korarsu. Abin da za ka nema shi ne a ce korar ba ta kan ƙa'ida, a biya ka albashin da ka riga ka yi wa aiki, kuɗin notis, giratuti in yana cikin yarjejeniyarku, da diyya.

Yanzu ka tattara takardar ɗaukarka aiki, littafin ƙa'idojin ma'aikata, takardar korar, sitatimen na banki da ke nuna albashi, da duk wata webil ko takardar miƙa kaya mai sa hannun wani, musamman in ba kai kaɗai ke riƙe makullin sito ba. Kar ka goge saƙonnin WhatsApp tsakaninka da manaja, kuma don Allah kar ka sa hannu a wata takarda da za su ce ka karɓi ɗan wani abu an wuce wurin sai lauya ya karanta.

A fara da wasiƙar lauya zuwa gare su, sau da yawa a nan ake sasantawa su mayar da korar sallama su biya. In ba ka da kuɗin lauya ka je ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi kan shari'a, ko ƙungiyarku ta ƙwadago. Kuɗin fanshonka kuwa naka ne, kora ba ta taɓa shi, in ka yi wata 4 ba aiki za ka iya cire kashi 25 cikin 100.