Ya ce Ubangiji ya nuna masa ni ce matarsa, ni kuwa ban ji komai ba

Mama, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Shekaruna 27, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, kuma ina cikin mawaƙan ikilisiyarmu. Wata uku da suka wuce, bayan mun tashi daga koyon waƙa, wani ɗan'uwa ya tsayar da ni ya ce ya yi azumin kwana bakwai, Ubangiji ya nuna masa a mafarki ni ce matarsa. Mutumin kirki ne a idon jama'a, shi ke jagorar addu'ar matasa. Amma ni raina bai taɓa kwantawa da shi ba, ko hira ba ta taɓa haɗa mu ba.

Na roƙi lokaci. Na yi azumin kwana uku, ba mafarki, ba murya. Sai ya kai ni wajen wata mai addu'a, ta ce maganarsa gaskiya ce, in na ƙi zan tsufa a gidan ubana. Mahaifiyata ta tsorata, kullum cewa take kada in yi jayayya da Allah. Shi kuma yana jiran amsa kafin Kirsimeti. Mama, zunubina ne ya toshe mini kunne? Yaya ake gane muryar Allah?

'Yarki, daga Kafanchan

'Yata, sannu. Ki fara sauke wannan kaya na cewa zunubinki ne. Wadda ta bar abinci kwana uku tana neman nufin Ubangiji ba mai toshe kunne ba ce.

Ki buɗe 1 Sarakuna sura 13 ki karanta a tsanake. Allah ya aiki wani bawansa daga Yahuza zuwa Betel, ya gargaɗe shi kada ya ci, kada ya sha a can. Sarki Yerobowam da kansa ya gayyace shi gida, ya ƙi. Sai wani tsohon annabi ya bi shi, ya ce shi ma annabi ne, mala'ika ya ce ya komo da shi ya ci abinci. Ƙarya yake yi. Bawan Allah ya bi shi ya ci, a hanyar komawa zaki ya kashe shi. Kin gani, abin da sarki ya kasa, "Ubangiji ya faɗa mini" ya yi shi cikin sauƙi. Ban ce ɗan'uwan nan maƙaryaci ne ba. Mai yiwuwa da gaske ya yi mafarkin. Saurayin da ya yi wata da watanni yana kallon yarinya tana waƙa, ya kuma kwana bakwai da yunwa, me zai hana ya gan ta a barci? Amma mafarkinsa nasa ne, bai ɗaure ki ba. Shi ya sa 1 Yohanna 4:1 ta ce a gwada ruhohi, 1 Tasalonikawa 5:20-21 kuma ta ce kada a raina annabci amma a gwada kome.

Mai addu'ar nan ce ta fi ɓata mini rai. Ki tuna yaro Sama'ila. Ubangiji yana kiransa, sau uku yana rugawa wurin firist Eli, yana zaton shi ne ya kira. Eli bai ce "ga abin da Allah yake nufi da kai" ba. Cewa ya yi ya koma ya kwanta, ya saurara da kansa. Haka dattijon kirki yake yi. Wadda ta yanke miki hukunci a zama ɗaya, ta haɗa da barazanar tsufa a gida, kuma mai neman ne ya zaɓe ta ya kai ki, ba shaida ba ce. Kada ki sake zuwa, kada ki kai mata ko sisi.

Kin tambayi yadda ake ganewa. Ni dai tun da nake ban taɓa jin murya da kunnena ba, kuma ban ga Ubangiji ya bar ni a duhu ba. Yawancin jagorarsa takan zo ta Littafi Mai Tsarki, ta shawarar masu tsoron Allah da ba su da riba a cikin maganar, ta hankalin da ya ba ki, da kuma salamar da takan zauna a zuciya bayan an daɗe ana addu'a. Rashin kwanciyar ran nan da kika ambata a gurguje, kada ki raina shi. Ko Rifkatu, da bawan Ibrahim ya je nema wa Ishaku mata, ya roƙi alama a bakin rijiya ya kuma samu, sai da aka kira ta aka tambaye ta ko za ta tafi (Farawa 24:58).

Ki je wurin fastonku da matarsa, ke kaɗai, ki faɗa musu kome har da zancen mai addu'ar. Sa'an nan ki ce wa ɗan'uwan ba ki da amsa kafin Kirsimeti, watakila ma har Ista, in yana so ya neme ki yadda ake neman kowace 'ya, da sanin iyaye da dattawa. Ki zuba ido ki ga yadda zai karɓa. In ya yi haƙuri, kin san wani abu game da shi. In ya fara cewa kina tayar wa Allah, kin ga yadda kowace gardama za ta ƙare a gidansa: kuɗin albashinki, zuwa ganin iyayenki, duka "Ubangiji ya ce". In ma magana ta yi nisa, mafarki ba ya hana gwajin jini; idan dukanku AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar halittar sikila, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da sikila.

Mahaifiyarki kuwa tsoro ne na uwa, kada ki yi mata tsawa. Ki samu wata dattijuwa a zumuntar mata wadda take jin maganarta, ku zauna ku uku, ki karanta musu labarin tsohon annabin nan.

Mama