Yadda ake buga poker a intanet

Ɗan'uwa, ka tambayi ƙa'idar poker ɗin da samarin Maradi ke bugawa a waya. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Texas Hold'em, da karta 52. Kowa a ba shi biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Sau huɗu ake zuba kuɗi. Ko ka biya daidai da abin da wani ya zuba, ko ka ƙara, ko ka ajiye kartarka ka fita. Mai haɗin biyar mafi ƙarfi, daga nasa biyu da na tsakiya, shi ke kwashewa. Uku masu lamba ɗaya sun fi biyu-biyu, biyar masu zane ɗaya sun fi jerin lambobi.

Amma don Allah ka sani, in da kuɗi caca ce, haramun ce. Kuma ko jikka ɗaya ka zuba, mai shafin na yankar kasonsa kafin wanda ya ci ya ɗauka.