Malam, in ƙara zafin hannu ko kuɗin shago za su dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari. Wata huɗu ke nan ina buga poka, wasan kati na zuba kuɗi, a waya. Na biya kuɗin wani aji a Telegram, mai ajin ya ce sirrin wasan biyu ne kawai: ka zauna a kujerar ƙarshe, ka yi zafin hannu, wato yawan zuba kuɗi da ƙara zubi. Satin farko na ci. Yanzu naira 380,000 sun tafi, 200,000 daga ciki na maigida ne, kuma ƙarshen wata za a yi lissafi. Mai ajin ya ce sanyin hannuna ne ya jawo, in hau tebur mai tsada in ƙara zafi. Ba na iya barci. Shin maganarsa gaskiya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka hau teburin nan. Na fara da wannan ne don ko ba ka karanta sauran ba, ka tafi da shi.

Lissafin yiwuwa nake koyarwa, kuma na daɗe ina nazarin wasan nan, don haka ba zan ce maka kujera da zafin hannu tatsuniya ba ne. Kujera gaskiya ce. Kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin wanda ya fara taya dila da wanda ya yi shiru har kowa ya faɗi tayinsa. Mai maɓalli, wato wanda ke kujerar ƙarshe, shi ne na biyun: bayan an buɗe katunan tsakiya, kowa sai ya yi magana kafin shi. Shi ya sa a tebur mai mutum shida ƙwararru ke shiga da abin da bai kai kashi 20 cikin ɗari na hannuwa ba daga kujerar farko, amma a kan maɓalli su haura kashi 40. Sai dai maɓallin nan sau ɗaya yake zagayo maka cikin rabo shida, kuma sau biyu kana kujerun zubin dole, inda har gwanaye ke asara idan aka tara lissafinsu. Iyakar maganar kujera ke nan.

Zafin hannu ne inda aka cuce ka, kuma kusan duk matashin da ya zo min da wannan matsala da cutar nan yake zuwa. An sa muku a kai cewa zafi hali ne, wai jarumta, wai wanda ya fi tsaurin ido shi ke kwashe kuɗi. Ƙarya ce. A wajen waɗanda suka san wasan, zafi lissafi ne busasshe, babu zuciya a cikinsa ko kaɗan.

Ga shi a fili. A ce akwai naira 10,000 a tsakiya, kai kuma ba ka riƙe da komai, ka zuba 5,000 don ka kori abokin wasa. Kafin ka ma tashi babu riba babu asara, dole ya ajiye katinsa sau ɗaya cikin uku. In ka zuba 10,000, dole ya ajiye rabin lokaci. Da mutum ɗaya wannan na iya yiwuwa, domin hannun da ba tagwaye ba yakan kasa haɗuwa da katunan ukun farko kusan sau biyu cikin uku. To amma a ce mutum uku ne a gabanka, kowannensu yana ajiyewa sau shida cikin goma. Damar su ajiye duka ba ta kai kashi 22 ba, kai kuwa 33 kake bukata. Kowane irin wannan zubi asara ne tun kafin a juya kati na gaba. Mai ajinka ya taɓa yi maka wannan lissafin? Na tabbata bai yi ba, domin da ya yi, da ba ka sake biyansa ba.

Sannan a ƙananan teburan da irinku ke zama, mutane ba sa ajiye kati. Sun shigo ne su gani, za su bi ka har katin ƙarshe da ɗan abin da suka samu. Barazana ga wanda ba ya tsoro zubar da kuɗi ce. A irin wannan tebur zafin da ke da ma'ana shi ne zubi da hannu mai ƙarfi, wato ka yi ta zaman jira, wani lokaci awa guda ba ka shiga ba. Wanda bashi ke bin sa da gudu ba ya iya wannan jiran.

Wani ɗalibina ya taɓa miƙo min wayarsa a bayan aji, hannunsa na rawa, ya ce in duba masa inda ya yi kuskure. Muka bi tarihin wasansa na dare guda. Da ƙarfe goma yana zubin da ya dace, yana ajiye banzayen katuna. Ƙarfe sha biyu ya shiga da katin A guda biyu, wani ya doke shi. Daga nan ba sai na karanta katunan ba, girman zubin kawai nake kallo: 3,000, 8,000, 20,000, daga kowace kujera, da kowane irin hannu, har ƙarfe uku saura asusun ya koma sifili. Ya ce min, "Malam, ai zafi na yi kamar yadda aka koya mana." Na ce masa wannan fushi ne, ba dabara ba. A biyu, hannun da ya fi kowane ƙarfi, idan ya haɗu da sarki biyu yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar. Wanda bai shirya wa wannan ba, ranar da ta same shi hankalinsa ke tafiya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shawarar hawa tebur mai tsada. Wanda ya kasa ninƙaya a kududdufi ake cewa ya faɗa dam ɗin Tiga? Can ne ƙwararru ke zaune suna jiran mai neman fansar asara, suna gane shi cikin rabo kaɗan. Wasu ma ba mutane ba ne. Tun 2019 wata manhaja mai suna Pluribus, wadda jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka da Facebook suka haɗa, ta doke manyan ƙwararru a tebur mai mutum shida. Kai daga wayarka a Kano ba ka da hanyar sanin wa ke bayan sunan da ke gefenka. Ga la'adar gidan wasa, wadda a wurare da yawa takan kai kusan kashi 5 na kuɗin tsakiya, ana yankar ta ko wa ya ci. Ko gwani na gaske, ribarsa siririya ce, sai an tara dubun-dubatar rabo take fitowa. Kai sati biyu ko uku gare ka.

Su masu ajin nan labarin Chris Moneymaker suke so, wanda ya shiga ta intanet a 2003 ya ci dala miliyan 2.5 a gasar poka ta duniya a Las Vegas. Mutum 839 suka zauna a gasar nan, ba wanda ke ba ku labarin sauran. Ka kuma tambayi kanka, mai sirrin da ba ya faɗuwa me zai sa ya zauna yana karɓar kuɗin aji a hannun yaran shago? Da yawansu suna da kamasho a kan duk wanda ya yi rajista ta hanyarsu, zubinka shi ne abincinsu.

Ba zan rufe ba sai na faɗa maka abin da ka riga ka sani. Ƙwarewa ba ta fitar da wannan wasa daga caca matuƙar da kuɗi ake yi. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya, ta 91 ta ce tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana hana ambaton Allah da salla. Dubi asubahin da ka rasa cikin wata huɗun nan, dubi yadda kake kauce wa idon maigidanka. Hisbah na iya rufe shagon caca a bakin titi, amma wanda ke aljihunka kai kaɗai za ka iya rufe shi. Kuma kuɗin da ka taɓa amana ce.

Yau ka goge manhajar, ka fita daga ajin, ka toshe lambar mutumin. Katin bankinka ka ba wani babba a gida ya riƙe. Kada ka ci bashin waya don cike gurbin, ramin zai zama biyu. Ka rubuta ainihin adadin a takarda, 200,000, ba tare da ragi ba, da abin da za ka iya biya duk wata. Ka nemi kawunka ko limamin unguwarku ya raka ka wajen maigida kafin ranar lissafi, ya ji daga bakinka, ba daga littafin shago ba. Zai yi faɗa, wataƙila ya sallame ka, wataƙila ya yi haƙuri. Idan rashin barcin ya ci gaba ko ka fara jin ƙuncin da ya fi ƙarfinka, ka je asibiti ka ga likita, akwai na ƙwaƙwalwa a Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano. Ka sake rubuto min bayan kun zauna da maigidan. Allah ya warware maka.