Ciwon wuya da baya ga masu koyon tiyata: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, ina shekara ta biyu a koyon tiyata. Duk ranar da muka yi dogon aiki, sai in fito wuyana ya sanƙare, kafaɗuna na zogi. Manyanmu sun ce zan saba. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ban yarda da wannan magana ba. Kan babban mutum yana kai kimanin kilo 5, ƙasusuwan wuya 7 ne ke ɗauke da shi. Da zarar ka sunkuya, aikin da tsokar bayan wuya ke yi ƙaruwa yake, balle ka ɗora tabarau mai ƙara girman gani da fitilar goshi. Mai koyo kuma ya fi shan wuya, domin da tsawon babban likita ake daidaita gadon tiyata. Kai kana gefe a karkace, riƙe da ƙarfen buɗe wurin aiki, kana leƙe ta saman kafaɗar wani, awa uku ko motsi babu.

Idan gadon ya yi maka tsawo, nemi matakalar tsayuwa tun kafin a fara yanka. Gwiwar hannunka ta zauna kusa da jikinka. In aikin na kyamara ne, allon ya kasance a gabanka sosai, ƙasa kaɗan da saitin idonka. Duk bayan minti 30 zuwa 40, idan aiki ya lafa, ka miƙe wuya, ka juya kafaɗu na minti ɗaya ba tare da ka taɓa komai ba. Faɗa wa malaminka ba rashin ladabi ba ne. Ran hutu kuma ka riƙa motsa jiki don ƙarfafa tsokar baya da ta ciki.

Tambaya: Kullum sai na sha maganin kashe zafi na diclofenac kafin in shiga ɗakin tiyata saboda ciwon ƙugu, musamman ranar da zan sa rigar dalma, wato riga mai nauyi da ke kare jiki daga hasken X-ray.

Amsa: 'Yar'uwa, kin san illarsa ga ciki da ƙoda, ki daina shan sa kullum. Nemi rigar dalma mai gida biyu, sama da ƙasa, don nauyin ya rabu, ki cire ta da an gama ɗaukar hoto. Ki ga likitan gashin ƙashi.

Tambaya: Ciwon wuyana yana sauka zuwa hannu, yatsuna biyu sun yi sanyi kamar ba nawa ba. Jiya almakashi ya suɓuce mini.

Amsa: Wannan ta fi damuna. Alama ce ta jijiyar da ta matse a wuya. Kada ka jira ka gama zagayen koyon aiki da kake yi, je a duba ka cikin makon nan, mai yiwuwa a buƙaci hoton MRI. Idan ƙafa ta fara rauni, tafiya ta rikice, ko riƙe fitsari ya gagara, a ranar za ka tafi sashen gaggawa.